Ku Tambayi Anti: Yarona ya daina ji, kakarsa tace kada a koya masa maganar hannu

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan watan sunyi yawa gaskiya, guda shida na iya ɗauka, sauran kuyi haƙuri in sha Allahu zamu waiwaye su. Kamar kullum na cire sunaye da duk abinda zai sa a gane mai tambaya. Sabbin masu karatu kuma ku sani ni shan inna ce ta kama ni ina shekara biyu, da sanduna na taso yanzu kuma keke nake hawa, to idan kukaji na ɗau zafi a wani wurin daga nan abin ya samo asali.

TAMBAYA: Anti don Allah ki bani shawara. Yarona shekararsa uku da rabi, wata biyar da suka wuce yayi sanƙarau, Allah ya tashi kafaɗunsa amma tun daga nan baya ji, ko kwano aka yar a bayansa baya waigowa, 'yan kalmomin da ya iya ma sun fara ɓacewa. Wata maƙwabciyata tace mu fara koyon maganar hannu amma uwar mijina tace a'a, wai in ya saba da hannu bakinsa ba zai sake buɗewa ba, kuma tace in daina fita dashi saboda bakin mutane. Kullum sai yayi ta kuka yana buga kansa da bango na rasa me yake so. Daga wata uwa.

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya ƙara masa lafiya ya baki juriya. Kafin komai, in har ba'a auna jinsa ba ki kaishi wurin likitan kunne a cikin satin nan, kar ki ce sai an huta da ɗawainiyar asibiti. Dalili kuwa bayan sanƙarau ƙashi yana iya tsirowa can cikin kunne, a wurin nan mai kama da katantanwa, ya toshe shi cikin 'yan watanni, to idan yaron yana cikin waɗanda na'urar da ake dasawa da tiyata zata iya taimaka musu, jinkiri yana rufe wannan ƙofar. Wasu kuma akwai sauran ji kaɗan, na'urar maƙalawa a kunne ta wadatar. Awo ne kawai zai nuna, jefar da kwano ba zai nuna ba.

Sai maganar Hajiya, uwar mijin naki. Wallahi bana ganin laifinta, tsoro take ji wa jikanta, kuma wannan tunanin nata manyan malamai ma sunyi shi. A 1880 anyi wani babban taron malaman kurame a birnin Milan na ƙasar Italiya, aka yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu, dole sai da baki, kuma kusan duk waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar nan masu ji ne. Aka shafe shekaru kusan ɗari ana hana yara ɗaga hannu a aji, a wasu makarantun har zama ake sa su suyi a kan hannayensu, aka raba malamai kurame da aikinsu, yara da yawa suka gama makaranta ba maganar ba karatun kirki. Sai a 2010 da wannan taron ya zauna a Vancouver ta ƙasar Kanada ya fito fili yayi watsi da wancan hukuncin ya nuna nadama. Kinga kenan hanyar da Hajiya take so an riga an gwada ta a kan dubban yara.

Maganar hannu bata kashe maganar baki. Abinda yake cutar da yaro shine ya wuce shekarun farko babu wani yare ko ɗaya a kansa, don a shekaru biyar ɗin farko ƙwaƙwalwa tafi kama yare, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Buga kai da bangon nan da yake yi magana ce ta cika masa ciki ya rasa ta inda zai fitar, wata shida baya yana cewa Mama ruwa ki miƙo masa, yau bakinku kawai yake gani yana motsi. Kuma maganar hannu yare ce cikakkiya mai nahawunta, akwai irinta sama da 300 a duniya, ta Amurka daban ta Ingila daban duk da Turanci ɗaya masu ji suke yi a ƙasashen biyu. A ƙasar Nikaraguwa da aka tara yara kurame a makaranta ɗaya wajen ƙarshen shekarun 1970, yaran da kansu suka ƙirƙiro sabon yare a filin wasa da cikin motar makaranta, ba malamin da ya koya musu. Haka Allah ya halicci ɗan Adam da yunwar magana.

Ki nemi ƙungiyar kurame ko makarantarsu mafi kusa, ki nemi babban mutum kurma ya riƙa zuwa ko ku riƙa zuwa wurinsa, yaron ya ga irinsa da ya girma yayi aure yana sana'a. Ki fara da abinda yake buƙata kullum, ruwa, abinci, ciwo, bayi, barci, zo, bari. In zaki masa magana ki taɓa kafaɗarsa, ki durƙusa daidai tsawonsa, haske ya kasance a fuskarki, kiyi alamar kina faɗin kalmar da baki a lokaci ɗaya. Babansa ma ya koya da yayyensa, kar ya zama ke kaɗai ce mai fassara a gidan. Ita kuwa Hajiya kar kiyi musu da ita, ki koya wa yaron alamar da zai riƙa kiranta da ita tun a sahun farko, ranar da ya shigo ɗakinta ya kira ta da hannunsa zaki ga yadda zata yi. Kuma don Allah ki ci gaba da fita dashi. Bakin mutane na kwana biyu ne, ɓoyon kuwa yaron zai gane shi ake ɓoyewa tun kafin ya iya faɗa miki.

TAMBAYA: Anti ni makaho ne, na gama digiri shekara huɗu kenan. Sau uku ana kirana intabiyu bayan sun ga takarduna, ina shiga da sanda sai inji ɗakin yayi tsit, sai suce ai aikin na kwamfuta ne, wani ma kuɗi ya danƙa min a hannu yace in hau mota. Na fara tunanin ko in haƙura. Shin in riƙa rubutawa a takardar neman aikin cewa bana gani?

AMSA: Ƙanina wannan kuɗin da aka danƙa maka naji zafinsa har raina, don nima an taɓa min a bakin wani ofis da naje taro, mutumin bai ko tambaye ni me ya kawo ni ba. Kar ka haƙura.

Yawancin masu intabiyun nan basu taɓa ganin makaho a gaban kwamfuta ba, rashin sani kuwa yafi dare duhu. To tunda gani ya kori ji, ka tafi da kwamfutarka ko wayarka. Da zarar ance aikin na kwamfuta ne kace ranka ya daɗe a bani minti biyar, ka buɗe ka ƙara murya suji manhajar karatu tana karanta maka abinda ke kan allon, kace su baka wasiƙa ka buga ko lissafi a Excel ka haɗa a gabansu. In baka da irin wannan manhajar mai suna NVDA ka sauke ta, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta tun daga 2006 saboda irinta ta sayarwa tayi wa talaka tsada. Wayar Android tana da irinta mai suna TalkBack, iPhone tana da VoiceOver. Amma fa ka ƙware sosai kafin ranar, hannunka ya saba da gajerun maɓallai yadda ba zaka tsaya lalube ba, don minti biyar ɗin nan su zasu yi maka magana.

Ta fuskar doka kuma kana da madogara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki 3 ga Mayu 2008, ƙasashe sama da 180 sun shiga. Sashe na 27 ya hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki, kuma yarjejeniyar ta ce ƙin yi wa mutum ɗan gyaran da ba zai ɗora wa ma'aikata nauyin da ya wuce kima ba, kamar saka masa manhajar karatu ko bashi takardu ta imel maimakon a buga, shima nuna bambanci ne. Ka nemi dokar ƙasarku da ta fito daga wannan, ka san sashenta, ka riƙa rubuta ranar kowace intabiyu da abinda aka faɗa maka, ka haɗa kai da ƙungiyar makafi don ƙorafin mutum ɗaya saurin shiga kwandon shara yake.

Batun ko ka rubuta a takarda, ra'ayina shine ka bari sai an kiraka, sannan ka aika saƙo kace na gode da gayyata, ni bana gani, da manhajar karatu nake aiki, in akwai jarrabawa a tanada min ita a kwamfuta. Ta haka takardunka sun riga sun ci, su kuma sun gama mamakinsu kafin ka iso. Wasu abokaina makafi basu yarda dani a nan ba, sunce gara a faɗa tun farko kar ayi asarar zuwa, kai zaka auna. Ka riƙa tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma an sha bar masa jan sallah a Madina idan an fita.

TAMBAYA: Wai Anti wanne ne daidai, nakasasshe ko mai buƙata ta musamman? Na faɗi ɗaya a wani taro an min ca.

AMSA: Mu kanmu bamu haɗu a kan kalma ɗaya ba. Wasu nakasasshe tana musu nauyi don kamar mutumin gaba ɗayansa ne ya lalace, wasu kuma suna cewa mai buƙata ta musamman lulluɓe ce, ai shiga aji da shiga bayi buƙatar kowa ce. Ni nafi son mai naƙasa, mutum a gaba larurar a baya. Kurame da yawa basa son a ce musu bebe, don suna da yarensu. Musaki da miskini kuwa a ajiye su kwata-kwata. Mafi sauƙi ka tambayi wanda ke gabanka ya yake so a ce, in ka san sunansa ma shikenan ka kira shi da shi.

TAMBAYA: Hajiya ni hedimasta ne. An kawo mana yarinya 'yar shekara tara a keken guragu, kanta yana ja sosai, amma ajin su yana bene kuma ko ƙofar ƙasan akwai matakala uku. Malamai sunce a ba iyayen haƙuri su kaita makarantar irinsu. Raina bai kwanta ba amma bamu da kuɗin gyara gini.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri da ranka bai kwanta ba. Ka sauko da ajin ƙasa kawai, wani ajin ya hau sama. Wannan ko sisi ba zai ci ba, alli ne da sauya lambar ƙofa.

Bari in faɗa maka dalilin da yasa nake cewa a sauko da aji maimakon a riƙa ɗaukarta. Shekara uku nayi a wani aji na bene, kullum da safe sai ɗalibai biyu sun kama ni sun haura dani, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafafu, ni kuma hannuna ɗaya yana riƙe da siket kar ya yaye, sauran yara sun tsaya suna kallo. Saboda kar in nemi a sauko dani tsakar rana na daina shan ruwa tun daga asuba har a tashi, ciwon mara ya zame min abokin zama. Babu malamin da ya sani don ban taɓa faɗa ba, yarinya 'yar shekara tara ba zata faɗa maka irin wannan ba Malam, kai zaka hango mata. Don haka bayan aji abu na biyu da zaka duba shine bayi. Ka je da kanka da tef ka auna ƙofar, in da hali kar ta gaza santimita 90, a samu wurin juya keke a ciki da ƙarfen kamawa a bango.

Matakala ukun nan kuma gangara zaku yi, amma ayi ta da lissafi. Ƙa'idar da aka fi bi itace kowane santimita 1 na tsayi a bashi santimita 12 na tsawo. In kowace matakala santimita 15 ce, uku sun zama 45, kenan kuna buƙatar gangara mai tsawon mita 5 da santimita 40. Nasan zakaji tayi tsawo, magini ma zai ce mita biyu ta isa, kar ka yarda, gajeriyar gangara tafi matakala haɗari don keke kifewa yake ta baya. Kar a shafe ta da sumul ko tayil mai santsi, kuma a ɗan tada gefenta kar taya ta zame. Kafin a zuba siminti ku kira yarinyar da iyayenta su duba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamanka kuma ka gaya musu tun 1994 a taron Salamanca na ƙasar Sifen gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar kowa ita ya kamata ta karɓi kowane yaro, sashe na 24 na yarjejeniyar 2006 ya ƙara jaddadawa. Bana cewa makarantu na musamman basu da amfani, yaro kurma misali yana ƙaruwa sosai a inda kowa ke yarensa. Amma wannan yarinyar tana ji tana gani tana ganewa, tsakaninta da karatu matakala ce kawai. Lokacin wasanni ma kar a barta gadin jakunkuna.

TAMBAYA: Anti akwai wadda nake so in aura, shan inna ta taɓa mata ƙafa ɗaya tana tafiya da sanda. Mahaifiyata tace bata yarda ba wai za'a haifa mata jikoki guragu, kuma wai ba zata iya ɗaukar ciki ba. Ya zanyi?

AMSA: Ɗana, shan inna ba'a gadonta. Ƙwayar cuta ce da take shiga ta baki, galibi ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, ta kama jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi, kuma cikin mutum 200 da ta shiga jikinsu kusan ɗaya take shanye wa gaɓa har abada. Bata shiga jinin da ake gadarwa, bata taɓa mahaifa. Abinda zai kare 'ya'yanku shine rigakafi, kamar 'ya'yan kowa. Ni da nake baka amsar nan uku na haifa duk da ƙafafunsu suke gudu. Abinda yake gaskiya shine in ciwon ya taɓa ƙugu ko ƙashin baya wata sai an mata tiyata wajen haihuwa, kuma nauyin ciki yana ƙara wahalar tafiya a watannin ƙarshe, to sai a fara awo da wuri a gaya wa likita komai.

Mama kuma kar ka ɗaga mata murya, ka samu wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko yayarta ko malaminta, in da hali da ma'aikaciyar lafiya mace suyi mata bayani a natse. Sannan kaima ina da tambaya gare ka, ka amsa wa kanka tsakaninka da Allah. Sonta kake ko tausayinta? Don nasan matan da aka aura don neman lada, duk ranar da aka samu saɓani sai an tuna musu cewa taimakonsu akayi. In sonta kake ka gaya mata halin da ake ciki a gidanku yanzu, kar ka ɓoye mata wai don kar ranta ya ɓaci, da ita za'a zauna tana da haƙƙin ta sani ta yanke nata hukuncin.

TAMBAYA: Anti rannan naga wani dattijo makaho zai tsallaka titi, na kama sandarsa na ja shi, maimakon godiya sai ya fizge yana faɗa. Abin ya bani haushi, laifi ne taimako?

AMSA: Niyyarka mai kyau ce Allah ya bada lada, amma Baba yana da gaskiya. Sandar nan da ita yake karanta ƙasa, rami, kwata, bakin kwalta, duk ta cikinta suke zuwa hannunsa, da ka ɗaga ta sama kamar ka rufe wa mai gani ido ne a tsakiyar motoci, kuma bai san ko waye ya kama shi ba. Wata ƙila ma ba tsallakawa zai yi ba, wani yake jira. Haka muma masu keke, in mutum ya turo ni ta baya ba sallama gabana faɗuwa yake, sau ɗaya yatsuna suka shiga cikin taya saboda haka.

Gobe in ka sake ganinsa kayi sallama, kace Baba tsallakawa zaka yi, in taimaka? In yace a'a kace to Allah ya kiyaye ka wuce, ba raini bane. In yace eh sai ka taɓa bayan hannunsa da naka, shi zai kama damtsenka saman gwiwar hannu, kai kana gaba da rabin taku yana jin duk motsin jikinka. Kuna isa bakin matakala ka ɗan tsaya kace hawa ne ko sauka. Kar kace can ko nan, kace dama ko hagu. In kujera zaka bashi ka ɗora hannunsa a kan bayanta zai zauna da kansa. In kun tsallaka kuma kar ka sake shi a fili ka ɓace, ka kaishi jikin bango ko wani abin da zai dafa, ka faɗa masa inda yake da inda ya fuskanta, sannan kace Baba ni zan wuce, don kar ya ci gaba da magana shi kaɗai.